Ƙofar Rumbu: Yadda Gwani Ke Shiga BIOS Idan Allo Ya Yi Baƙi

Shekaru na yi ina ajiye abubuwa masu daraja a wuraren da ba su da tabbas. Hotunan bukukuwan gidanmu suna cikin wayoyi uku, biyu daga ciki sun daina kunnuwa. Karatun mahaifina da na kwafo daga kaset yana kan wani filash da nakan manta inda na sa shi. Rubuce-rubucena kuwa a warwatse suke. Sai na ƙudurta zan kafa rumbu guda a gida: kwamfuta wadda ba ta da aikin komai sai ajiya, ta zauna a lungu, kowa a gidan ya zuba nasa daga waya ko laftof, ya ɗebo duk sa'ad da ya so. Masana suna kiranta NAS, wato ma'ajiyar da ke jone da netwok. Na riƙa sayen kayan gwanjo kaɗan-kaɗan: madabod, wato babban allon da komai ke hawa kansa, da furosesa a jikinsa, ram guda biyu, faifan ajiya biyar masu terabait 4 kowanne, da wani kati da ake sokawa a bod don ƙara yawan faya-fayan da zai iya ɗauka. Na ɗaura komai cikin akwati, na jona da talabijin ɗin falo, na danna makunni. Fankoki suka tashi, 'yar fitila ta kama, faya-fayai suka fara gurnani a hankali. Allo kuwa baƙi ƙirin.

Mai gyaran da na fara kai wa bai kwance ko sukuru ɗaya ba. Ya kunna, ya dubi allo, ya kashe, ya sake kunnawa, ya ce, “Alhaji, bod ɗin nan ya mutu, sai dai a sa wani.” Ya koma kan wayarsa. Ɗan yayata ne, wanda 'yan unguwa ke kira Injiniya, ya ce in dakata masa zuwa Asabar. Abin da na gani a ranar, daga hantsi zuwa bayan la'asar, shi nake so in ba da labari, domin ban taɓa ganin ana yi wa ƙarfe tambaya yana amsawa haka ba.

Sai an fara sanin ƙofar da ake nema. Kwamfuta, sa'ad da wuta ta shige ta, ba ta san komai ba. Ba ta san ram nawa gare ta ba, ba ta san akwai kibod ba, ba ta san a wane faifai Windows ko Linux yake ba. Wanda ke riga kowa farkawa wani ɗan shiri ne da ke kwance cikin wata 'yar ƙwaya mai ƙafa takwas a jikin bod, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Shi ne BIOS, masu gyara suna cewa bayos. Aikinsa irin na uwargida ne da asuba: ya tashi, ya leƙa kowane ɗaki, ya ƙirga mutanen gida, ya tabbatar kowa lafiya, sannan ya miƙa ragama ga babbar manhajar da za ta gudanar da yini. Wannan zagayen ƙirga shi ake kira POST. Sunan BIOS daga Gary Kildall ya fito, Ba'amurken da ya sa shi cikin manhajarsa ta CP/M a 1975, sai kamfanin IBM ya baza shi duniya da kwamfutarsa ta 1981. A bod na yanzu magajinsa ne ke zaune, wato UEFI, wanda kamfanin Intel ya faro, gamayyar kamfanoni ta karɓi kula da shi a 2005. Amma bakin mutane bai sauya ba, har yau bayos ake cewa. Mai kwamfutar ofis zai iya shekara goma bai leƙa wannan ɗaki ba. Mai kafa rumbu kuwa tilas ya shiga, don a can ake gaya wa bod daga ina zai tashi, yadda zai yi magana da faya-fayai, da abin da zai yi idan an ɗauke wuta an dawo da ita.

Injiniya ya zo da 'yar jaka. Ya shimfiɗa tabarma kusa da taga, ya jera kayansa: sukundireba biyu, mitar awon wuta, buroshi mai laushi, kilinar 'yan makaranta, batir sabo a ledarsa, tsohon kibod mai waya, da tsohuwar monita mai shuɗin kan waya da ya ɗauro a bayan babur. Sai wata 'yar sifika da ba ta fi ƙwayar gurjiya ba, mai guntuwar waya. Na ƙarshe da ya fitar littafi ne da biro. Kafin ya taɓa komai ya zare wayar wuta daga bango, ya danne makunnin akwatin na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar da ta maƙale a ciki ta zube, sannan ya dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu. Hunturu ne, lokacin da mutum kan taɓa ƙofar mota ya ji tsit kamar an tsira masa allura. Wannan 'yar wutar da busasshiyar iska ke tarawa a jiki ta isa ta kashe ƙwayar lantarki ba tare da an ga hayaƙi ba. Duk sa'ad da ya tashi ya dawo, sai ya sake dafa ƙarfen, ba tare da ya ma lura yana yi ba.

“Kawu,” in ji shi, “yanzu abubuwa sun fi goma a cikin akwatin nan, kowanne zai iya zama mai laifi. Bari mu rage su.”

Ya kwance komai. Faya-fayai biyar a gefe, kati a gefe, ram a gefe. Ya ciro bod ɗin kansa daga akwati ya ɗora kan kwali. Dalilinsa shi ne, akwai 'yan ginshiƙan tagulla da bod ke zama a kansu cikin akwati, idan ɗaya ya faɗo inda babu ramin sukuru sai ya taɓa bayan bod ya haɗa wuta inda bai kamata ba. A kan kwali babu wannan zargi. Ya bar furosesa da fankarsa, ya jona babbar wayar wuta mai baki 24 da ƙaramar mai baki 8 wadda ke ciyar da furosesa shi kaɗai. Ya ce mutane da yawa ƙaramar nan suke mantawa, fanka ta yi ta juyawa alhali furosesa bai sami ko ɗigon wuta ba. Ya soka 'yar sifikar a kan wasu 'yan allurai huɗu a gefen bod. Tun da babu akwati babu makunni, sai ya ɗauki sukundireba ya taɓa wasu allurai biyu a lokaci guda, taɓawa ɗaya kamar ƙyaftawar ido. Fanka ta tashi. Sai sifika ta fara kuka, tit, tit, tit, ba ƙaƙƙautawa.

Na zaci abin ya ƙara lalacewa ne. Shi kuwa murmushi ya yi. “Yana da rai, Kawu. Matacce ba ya kuka. Na ɗauke masa ram da gangan, ya duba bai gani ba, shi ne yake kai ƙara.” A nan na fara fahimtar irin sanin da ke hannunsa. Don bod ya iya yin wannan kukan, dole wuta ta isa ga furosesa, dole furosesa ya karanta 'yar ƙwayar nan mai ƙafa takwas, dole BIOS ya fara zagayensa har ya kai ɗakin ram. Da kuka ɗaya ya wanke fawa-fak, wato akwatin da ke ba wa bod wuta, ya wanke furosesa, ya wanke ƙwayar BIOS. Abin da aka yanke wa hukuncin mutuwa cikin minti biyu, ga shi yana magana. Da shiru ya ji, da sai ya koma baya ya gwada fawa-fak shi kaɗai, ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe, ya auna bolt 12 da bolt 5 da mita. Ya ce bod da yawa na yanzu ba su ma bukatar sifika, suna da 'yan fitilu huɗu a jere masu sunan CPU, DRAM, VGA da BOOT, inda fitila ta tsaya nan zagaye ya tsaya. Masu tsada kuma suna da ɗan allo mai lamba biyu, a duba ma'anar lambar a littafin bod.

Ya kashe, ya ɗauki ram ɗaya ta gefe-gefe, bai taɓa haƙoransa na ruwan zinariya ba. Ya goge su da kilina a hankali, ya kaɗe da buroshi, ya share ramin da zai shiga. Ƙurar hunturu ba ta raina rami. Bai sa shi a ramin farko ba, ya tsallake zuwa na biyu daga furosesa, wanda aka rubuta wa A2, domin yawancin bod masu rami huɗu nan suke so a fara. Ya danna da manyan yatsu biyu har maƙallan suka ce ƙas. Ya sake taɓa allurai da sukundireba, ya naɗe hannu, ya jira. Wannan jira ma ilimi ne. Idan an sauya ram, bod kan ɗauki lokaci yana gwada saurin da za su jitu a kansa. A sababbin bod masu DDR5, da manyan bod na saba, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta netwok, masu ram da yawa, abin kan kai mintuna allo na baƙi. Mai gaggawa sai ya kashe a tsakiya, ya sake kunnawa, ya mayar da aikin farko, ya ce ba ya yi. Namu bai kai rabin minti ba sifika ta ce tit, sau ɗaya, gajere. Ya rubuta a littafinsa.

Saura gani. Kafin ya jona monita sai da ya nemi lambar furosesa a takardar da mai kaya ya ba ni, don ba kowane furosesa ke iya zana hoto ba. Na Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F ba shi da wannan sashe. Ryzen na AMD masu soket AM4 kuma sai wanda ke da G a ƙarshe. Idan furosesa ba ya zana hoto, ramukan HDMI da VGA da ke bayan bod ado ne kawai, sai an ara masa katin hoto. Namu yana zanawa. Ya ture talabijin gefe, ya ce talabijin kan yi jinkirin gane sigina, kafin ya farka tambarin farko ya wuce. Tsohuwar monita ba ta da wannan nawa. Ya jona ta, ya jona kibod mai waya a baƙin ramin USB na baya, ba shuɗi ba, ba kuma na gaban akwati ba, domin baƙaƙen nan su BIOS ya fi saurin tasowa. Kibod mara waya, musamman mai Bluetooth, sau da yawa bai ma farka ba a wannan lokaci. Ya nuna mini wata dabara: idan allo baƙi ne, a danna Num Lock, in 'yar fitilar kibod tana kamawa tana mutuwa, to kwamfuta a farke take, hanyar hoto ce ta toshe.

Ya kunna, ya fara ƙwanƙwasa maɓallin Del da yatsa, ba dannewa ba, ƙwanƙwasawa a jere kamar mai sallama a ƙofar gida. Kowane kamfani da maɓallinsa: bod na ASUS, MSI da Gigabyte galibi Del ne, ASRock na karɓar F2 ko Del, kwamfutocin Dell F2, na HP F10, Lenovo na ofis F1. Monita ta yi haske. Amma maimakon BIOS, sai ga Windows yana tambayar kalmar sirrin wani mutum da ban sani ba.

Na dubi faya-fayai biyar da ke jere a kan tabarma, babu wanda aka jona. Shi bai dube su ba, bod ya sunkuya yana dubawa. “Windows ba ya zama a iska. Akwai faifai a ɓoye.” Ya kwance wani ɗan murfin ƙarfe da na ɗauka kwalliya ce, sai ga siririn faifai irin wanda ake kira M.2, tsawonsa kamar yatsa, na mai bod ɗin na farko. Daga nan ya karanto sauran labarin. Mutumin ya kunna saitin da ake kira Fast Boot, wanda ke sa BIOS ya taƙaita zagayensa don kwamfuta ta tashi da wuri, a wasu bod har ya tsallake tayar da kibod. Ka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, mai gadi ya riga ya wuce.

Ya ce ƙofa uku ce ta rage. Ta farko, a cire faifan da ake tashi daga kansa. Bod idan ya rasa inda zai je, sau da yawa da kansa yake faɗawa BIOS. Ta biyu, a bi ta cikin gida: a Windows, a danne Shift a zaɓi Restart, ko daga shafin kalmar sirri ne, sai a bi zaɓuɓɓukan gyara har a kai ga UEFI Firmware Settings, a Linux kuma layi ɗaya ne, systemctl reboot --firmware-setup. Ta uku, a sa bod ya manta duk saitin da aka taɓa yi masa. Ta ukun ya zaɓa, ya ce bai san me kuma mutumin ya sauya ba, ba ya son ya ɗora gini a kan harsashin da bai gani ba. Faifan kuwa ya ajiye shi gefe, daga baya ya goge shi tas ba tare da ya nemi ganin abin da ke ciki ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Kayan gwanjo kan zo da sirrin mutane, kuma ba kowane mai gyara ke kau da kai ba.

Mantar da bod aiki ne na minti biyu, amma da tsari. Ya zare wuta daga bango. Ya nemo wasu allurai biyu kusa da batir. Sunansu ya danganta da kamfani, wani ya rubuta CLRTC, wani JBAT1, wani CLR_CMOS. Ya haɗa su da bakin sukundireba ya ƙirga goma. A tsofaffin bod allurai uku ne da 'yar hular roba da ake kira jamfa, a matsar da ita gefe a dawo da ita. Sannan ya ture maƙalli da farce, batir ya yi tsalle ya fito, mai kama da kwabo. CR2032 ne, kuma sunan awonsa ne: faɗi milimita 20, kauri 3.2. Shi ke riƙe agogon bod idan babu wuta. Sabo bolt 3 yake bayarwa ko sama kaɗan. Nawa ya nuna 2.7. Ya ce zai iya ƙara ja, amma rumbun da za a rufe a manta da shi ba a bar masa tsohon batir, domin ranar da ya ƙare agogo zai koma baya, bod ya tsaya yana jiran a danna F1, alhali babu kibod babu monita a lungun. Ya sa sabo. Ya ƙara da cewa kwamfutocin ofis na gwanjo kan zo da kalmar sirri a kan BIOS ɗin kansa, kuma cire batir ba ya goge ta. Da yawansu suna da jamfa ta daban mai suna PSWD.

Ya mayar da wuta, ya taɓa allurai, ya ƙwanƙwasa Del. Allo ya cika da rubutu da lambobi: sunan furosesa, zafinsa, saurin fanka, yawan ram. An shiga.

Bai yi ta tsalle daga shafi zuwa shafi ba. Ya gyara kwanan wata da lokaci. Ya tabbatar Fast Boot a kashe yake. Ya je wajen faya-fayai ya duba cewa an zaɓi AHCI ba RAID ba, ya yi mini bayani da haƙuri: manhajar da za mu sa, TrueNAS, wadda a da ake kira FreeNAS, tana aiki ne da tsarin ajiya na ZFS da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, shi kuma ZFS yana so ya ga kowane faifai ido da ido, ba ta bakin tafinta ba, don shi da kansa yake lissafin da ke gano inda bayani ya ruɓe ya gyara daga sauran. Sai ya buɗe shafin hoto, inda ake zaɓar ta wace hanya bod zai fara neman monita. An bar shi a Auto. Ya mayar da shi kan hoton cikin furosesa, ya rubuta a littafi, ya ja layi a ƙarƙashi. “Kawu, ina zargin nan ne ciwon yake, amma sai mun gwada.”

Gwajin ya burge ni fiye da zargin. Ya fara mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an kashe, an sa, an kunna, an shiga BIOS an gan shi, an rubuta. Ram na biyu a B2, lafiya. Siririn faifan nan na M.2, lafiya. Da aka zo kan kati, sai ya mayar da saitin hoto kan Auto da gangan, ya soka katin a dogon ramin sama inda na sa shi tun farko, ya kunna. Allo baƙi ƙirin, irin na ranar farko. Ya cire kati, ya shiga, ya mayar da saitin kan hoton furosesa, ya sake soka kati. Hoto ya fito. Dogon ramin nan na katin hoto ne a al'ada, wasu bod idan suka ji an cika shi sai su ɗauka katin hoto ne, su tura hoton can su rufe nasu. Katin faifai kuwa ba shi da inda zai fitar da hoto. Kwamfutata ba ta taɓa mutuwa ba, tana ta aiki ne tana nuna wa bango. Da ya so, da ya tsaya tun sa'ad da hoto ya fito ya karɓi godiya. Amma sai da ya dawo da cutar da hannunsa ya sake warkar da ita, sannan ya yarda ya san ta. Wannan, a ganina, shi ne bambancin wanda ya gyara da wanda abu ya gyaru a hannunsa.

Katin ma da nasa ɗan BIOS. Kafin bod ya gama zagaye, sai katin ya karɓi allo yana ƙirga faya-fayansa ɗaya-ɗaya, abin da ke ƙara tsawon tashi, wani lokaci har ya haɗiye dannawar Del. Tun da ba daga faya-fayan kati za mu riƙa tashi ba, ya kashe wannan sashe a saiti. Faya-fayai huɗu suka hau wayar kati, duk suka bayyana. Na biyar ya jona a ramin SATA na bod, bai bayyana ba. Ya ɗora yatsu biyu a bayan faifan ya yi shiru, kamar mai jin bugun jijiya. “Yana juyawa, ba wuta ba ce.” Da ba ya juyawa, in ji shi, da allura ta uku ta wajen wuta zai zarga: wasu manyan faya-fayai, musamman waɗanda aka ciro daga akwatin USB, idan suka ji bolt 3.3 a wannan allura sai su ɗauka umarni ne su kwanta, maganin kuwa ɗan salatif siriri a rufe ta. Ya buɗo littafin bod a wayarsa, ya gangara zuwa wani ƙaramin rubutu a ƙasan shafi: idan an sa faifai a ramin M.2, wannan ramin SATA ɗin ya daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa. Ya matsar da waya zuwa ramin kusa. Biyar cif.

Na tambaye shi ko za mu sabunta BIOS ɗin, tun da na ji ana cewa sabo ya fi. Ya girgiza kai. Ya ce ba a sabuntawa sai da dalili, kuma ba zai taɓa yi a kan wutar layi ba. Sabuntawa gogewa ce da sake rubuta 'yar ƙwayar nan. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, an goge tsoho ba a gama rubuta sabo ba, babu mai farkawa da asuba. Sai a kan inbata ko UPS mai cikakken caji. Dalili na gaskiya shi ne irin wanda ya faru da Ryzen 5000 da suka fito a 2020: bod masu B450 da aka ƙera kafin nan ba su san su ba, sai an sabunta, kuma ba a iya shiga BIOS da furosesan da bod bai sani ba. Don haka kamfanoni suka sa wa wasu bod maɓalli a baya, ASUS na kiransa USB BIOS FlashBack, Gigabyte na cewa Q-Flash Plus: a sa fayil a filash mai tsarin FAT32, a ba shi sunan da littafi ya ce, a soka a ramin da aka keɓe, a danna, bod ya rubuta wa kansa ko babu furosesa. In kuwa ƙwayar ta riga ta lalace, ya ciro wata 'yar na'ura daga aljihun jaka, CH341A, mai matsi kamar na shanya, wadda ke kama ƙafafu takwas ɗin a rubuta daga wata kwamfuta. Ya ce kafin a matsa sai an karanta lambar ƙwayar, don wasu bolt 3.3 suke ci, wasu 1.8, kuma kafin a rubuta sabo sai an kwafe tsohon an adana.

Yana mayar da bod cikin akwati yana ba ni labarin bod na ainihin saba, irin na Supermicro, da murya irin ta mai kwatanta dokin da yake fatan mallaka. Suna da wata 'yar kwamfuta ta biyu a jikinsu, mai ramin netwok nata, wadda ke farke ko babbar na kashe. Ta hanyarta, wadda ake kira IPMI, mutum na zaune a wani ɗaki zai kunna injin, ya ga allon BIOS a laftof ɗinsa, ya danna Del daga nesa. A da dukansu da kalmar sirri iri ɗaya suke fitowa, ADMIN, har wata dokar jihar Kalifoniya da ta fara aiki a 2020 ta sa kowane bod ya zo da tasa a 'yar takarda manne a jikinsa.

Saiti na ƙarshe da ya taɓa shi ne wanda ya fi shafar mu a nan: Restore on AC Power Loss, wato abin da bod zai yi idan wuta ta dawo. Zaɓi uku ne, ya zauna a kashe, ya tashi, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Ya zaɓi ya tashi, amma da sharaɗin in sa UPS a tsakani, don wutar da ke zuwa tana komawa sau uku cikin minti ɗaya ba ta yi wa faifai mai juyawa daɗi. Ya danna F10 ya adana. Sannan ya sake shiga, ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, ya yago takarda daga littafinsa, ya rubuta saituna shida da ya sauya da maɓallin shiga da ranar da aka sa batir, ya manna ta a cikin murfin akwati. Ya zare wayar bango da gangan, ya ƙirga ashirin, ya mayar. Ba wanda ya taɓa makunni, fankoki suka tashi.

Rumbun yana lungun ɗakin karatu yanzu, ba monita ba kibod, karatun mahaifina na ciki tare da hotunan bukukuwa. Idan naka bod ɗin ya yi irin wannan shirun, fanka na juyawa allo baƙi, kada ka yi saurin miƙa shi ga 'yan gwangwan. Ɗora shi kan kwali, soka masa 'yar sifika, cire ram, ka kunna, ka saurara.